Gidan Jan Kwano

A unguwar Gidan Dahala, lokacin muna yara, ba a kwatanta gidanmu da sunan kowa. Gidan jan kwano ake cewa. Kakanmu mahauci ne, shi ya hau da kansa ya shafa wa rufin jan fenti shekarar da ya auro kakarmu, Inna Tumba, kuma bai sake shafawa ba har ya rasu. Ko da muka taso jan ya koɗe, rabi fenti rabi tsatsa.

Bayan magariba Inna kan zauna gaban murhu tana soya kitsen da ya rage a kasuwa, mu jikoki muna kewaye da ita, ido a kan kasko, kunne a wajenta. Ni take fara tsokana: "Maigidana, matso kusa, tunda ba ka iya komi ba sai cin ƙanzo." Daga nan sai ta ce ga ta nan, wanda ya yi gyangyaɗi shi ya so.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta shamuwa. Wai akwai wani manomi da shamuwa ke sauka a kan jinkar ɗakinsa duk shekara, ruwan sama kuma yana biye da ita. Jinkar ta tsufa, hayaƙi ya mai da ita baƙa ƙirin. Mutumin ya ji kunyar a ce babbar baƙuwa tana sauka a kan wannan, sai ya sauke tsohuwar ciyawa ya ɗora sabuwa fes, don ya kyauta mata. Shamuwa ta zo, ta kewaya sau uku, ta wuce.

"Sai mi, Inna?" mukan tambaya.

"Sai ba komi. Ba hushi tay yi ba, ɗiyana. Ba ta gane wurin ba."

Mu dai ba ta burge mu. Babu Gizo, babu kura, ba a doki kowa ba.

Bara tsufa ya fara taɓa tunanin Inna. Takan manta ta ci abinci, takan kira ni da sunan matattu. Amma kullum da hantsi tana dogara sandarta ta je gaida wata ƙawarta a bayan layi, ta dawo ita kaɗai. Mun ɗauka ƙafa ce ta san hanya.

Rufin yana yoyo, da bazara kuma ɗakinta ba ya shiguwa. Na je Mabera wajen mai sayar da kwano, ya zube mini guntaye a kan benci: ja, shuɗi, kore, ruwan ƙasa, ruwan madara.

"Alhaji, in don tsohuwa na, ɗauki mai haske," ya ce. "Mai duhu shan rana shikai, ɗakin shi koma tanda."

Na riƙe guntun jan na ɗan lokaci, sannan na ajiye shi na nuna ruwan madara. Don ita na zaɓa, wannan kam na sani.

Muka kai ta unguwar Minanata gidan ƙanwata kwana uku, kafintoci suka gama. Ranar da na dawo da ita, ta fito daga mota, ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Gidan wa munka zo?"

Na nemi tsohon kwanon, 'yan gwangwan sun riga sun kwashe. Na sa aka shafa jan fenti a kan sabon, ya fito yana ƙyalli kamar tumatir, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta daina zuwa wajen ƙawarta, domin ba ta san inda za ta dawo ba.

Mutane suna cewa kada in zargi kaina. Ba na zargi. Ba na jin komai ma, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Abin da na gane kawai, manomin can bai yi laifi ba, shi ya sa Inna ba ta taɓa ba shi horo a tatsuniyar ba. Ya gyara wa baƙuwarsa abin da take gane gida da shi, bai tambaye ta ba.

Yanzu kullum bayan la'asar tana ɗaure kayanta a ɗankwali, ta zauna a zauren da ta yi shekaru tana sharewa. In na shigo sai ta gyara zama.

"Malam, kun yi mani kirki, Allah shi saka. Amma a kai ni gida tun da sauran rana."

Nakan ce, "To, Inna." Sai in zauna kusa da ita, mu jira.