Ganyen da Ke Rufe Goro

Shekara ashirin ina sayar da goro a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, kuma in faɗi gaskiya, a lokacin na fi tausayin goro da mutane. Kowace safiya sai na kwance huhu, na yayyafa ruwa, na tsince mai tsutsa, na sake lulluɓe shi da ɗanyen ganye. Mai ɗakina takan ce da ita ake yi wa wannan lallashi da tuni ta yi ƙiba.

Ganyen kuwa wata tsohuwa ce ke kawo mini shi daga wani dausayi can kudu da Bangui, inda ruwa baƙi ƙirin kamar shayi, ƙasa kuma tana lotsawa in an taka. Faffaɗan ganye ne na wata bishiya mai tsayuwa cikin ruwa. Ina ce mata Mama, ita kuma tana ce mini molenge, wato yaro da yaren Sango, duk da furfurata. Kullum sai mun yi faɗa a kan ganyen da ya yage, kullum kuma sai ta ci tuwo a gidana kafin ta tafi.

Ranar da sojoji suka sake yin bore, tana zaune a zaurena. Kafin azahar an datse hanyar kudu, ba shiga ba fita. Haka ta zama baƙuwarmu. Huhu shida ke gare ni a ɗaki, ga ganye ɗauri biyu da ta kawo, na lissafa zai riƙe goron mako uku in na yi tattali.

A kwana na huɗu zazzaɓi ya kayar da mai ɗakina. Na zaga har unguwar Miskine neman kinin, duk shagunan magani a garƙame, asibiti kuma yana bayan masu bindiga. Na dawo na tarar tana sambatu, tana kiran mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa. Tsoro ya kama ni sosai.

Mama ta taɓa goshinta, ta fito ta ce in kawo ganyen. A garinsu, in ji ta, ɓawon bishiyar ake dafawa a sha don zazzaɓi, to tunda babu ɓawo sai a haɗa da ganye, a sha kuma a yi sirace, safe da yamma. Ni da na shekara ashirin ina murza ganyen nan, ban taɓa sanin yana da wani aiki bayan rufe goro ba.

Ɗauri biyun suka ƙare a kwana uku. Zazzaɓin ya sassauta, bai tafi ba. Mama ta tsaya a ƙofar ɗakin goro tana kallon huhunan. Ina jin kunyar faɗa, amma sai da na tsaya lissafin asarar goron.

“Molenge,” ta ce, “wanne za ka rufe, goro ko matarka?”

Da hannuna na tuɓe huhu shidan nan tas, na ba ta ganyen. Na jiƙa buhu na rufa musu, na kuwa san ba zai yi ba.

Ranar da mai ɗakina ta tashi ta nemi kunu, goron ya riga ya yamutse ya yi tauri, ko kyauta ba mai karɓa. Ko ganyen ne ya warkar da ita, ko kwana ne ke gaba, Allah ne masani. Da hanya ta buɗe Mama ta tafi, bayan ta zage ni a kan na bar tukunyar siracen ta ƙone.

Goron ban zubar ba. Ni na riƙa cin abina, ɗaya bayan ɗaya, har ya ci mini haƙori guda. Yau shekaru ke nan, in na yi dariya mai ɗakina takan nuna wa jikoki giɓin, ta ce nata ne.