Ƙwaryar Goggo Yalwa Ta Hau Bango

Duk Jiga Makera ba wanda bai san ƙwaryar Goggo Yalwa ba. Ni kuwa na fi kowa saninta, don Goggo yayar mahaifiyata ce, kuma na sha ranƙwashi a kan ƙwaryar nan ba sau ɗaya ba. Da ita aka kai ta gidan Malam Usmanu, a cikinta ta dama masa fura tun yana iya noman albasa har ya koma sai dai ya zauna ya ba da umarni. Bayan ya rasu ma ba ta sauya ba. Ta dama, ta juya gefen da bakinsa ya suɗe har ya yi santsi, ta sha daga nan.

Ƙwaryar kam ta ji jiki. Ɗinki ya fi lafiyayyen wuri yawa. Da ta tsage sai Goggo ta ruga wurin gyartai, ta tsaya a kansa kamar mai jinya. Da gyartan garinmu ya rasu, ƙwarya kuma ta soma yoyo, sai hankalinta ya tashi.

Lokacin ne aka yanke mana jihar Kebbi, aka maido ɗanta Attahiru, ma'aikacin gwamnati, daga Sakkwato zuwa Jega, da babur da gida mai falo. Ya zo gaisuwa, ta naɗe ƙwaryar a zane ta miƙa masa.

"Ka kai min ita ga gyartan kasuwar Jega. Kar ka ɗaure ta bayan babur, riƙe ta za ka yi."

"An gama, Goggo," in ji shi.

An gama ɗin ke nan. Aka girbe gero, aka dasa albasa, ba ƙwarya ba labarinta. In ta aika, sai ya ce ta ƙara haƙuri, za ta ga abin mamaki. Ya aiko mata da kwanon roba ja mai murfi. Ta dama a ciki, ta kurɓa, ta ture. Wallahi a idona matar nan ta rame.

Ran da haƙuri ya ƙare ta ce in raka ta. Muka shiga motar 'yan albasa sai Jega.

Attahiru ya tarbe mu baki har kunne, ya ja hannunta zuwa falo, ya nuna bango. Ga ƙwarya can sama, an shafe ta da man ƙyalli, an bi kowane ɗinki da fenti ruwan zinare. An huda tsakiyarta an sa hannuwan agogo, sai ƙyas-ƙyas take yi.

"Goggo, kin ga darajarta yanzu? Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya, in ce ta mahaifiyata ce. Ba za ta ƙara tsagewa ba."

Kuma har zuciyarsa yake faɗi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Goggo ta sa aka sauko da ita. Ta juya ta, ta lalubi gefen Malam, ta ji fenti ya rufe shi. Sannan ta taɓa hujin.

"Attahiru, tun ba a haife ka ba nike toshe mata ƙofa. Kai kuma ka ba da kuɗi a buɗe mata."

Ya fara bayani, ta ce ya mayar da abarsa, Allah shi yi albarka. Matarsa ta kawo fura a kofin gilashi, Goggo ta ce ta ƙoshi.

Ba ta sake tambayar ƙwaryar ba har ta koma ga Allah, fura kuwa ta bar ta ke nan. Bara na je gidan Attahiru. Ƙwaryar tana nan a bango, batir ya mutu ba wanda ya sauya. Ba ta faɗin lokaci, ba ta riƙe fura.