Ni Na Ce Yaya Sabi'u Ya Sauko

Shekara goma sha huɗu ke nan cif da rasuwar yayana Sabi'u, matuƙin jirgin sama, a gefen wata gonar dawa yamma da Kusasu. Allah ya jiƙansa da rahama. Duk tsawon shekarun nan magana ɗaya danginmu suke yi: jirgin ne ya cinye shi. Ni ma ina bin su da gyaɗa kai, alhali na san ba haka ba ne.

Jirgin na wani attajiri ne a Kaduna, ɗan ƙarami mai kujera huɗu da inji ɗaya, ga gudun tsiya. Ko a cikin matuƙa jiragen sama sunan irinsa ya ɓaci, ana cewa ba ya barin mai shi ya tsufa. In aka faɗi haka a gaban Yaya sai ransa ya ɓaci. Ya taɓa zaunar da ni a tsakar gida ya ce, "Ke Ladidi, jirgin nan kamar keke yake. In kina gudu, lafiya lau. Ki rage gudu ki sha kwana, sai ki ji ki a ƙasa. Fukafukansa sirara ne, da gudu suke riƙe iska. In gudun ya gaza, fiffike ɗaya zai sulluɓe, hancin ya bi shi. A can sama akwai sararin gyarawa, kusa da ƙasa babu. Shi ya sa ba na wasa da shi ƙasa-ƙasa."

Na ji, wallahi na ji. Amma ni ce auta, bakina ba ya hutawa. In Yaya zai ratsa ta saman dajinmu, can ƙololuwa yake bi, ƙara kawai muke ji. Inna kuwa idonta ya fara rauni, kullum sai ta fito ta ɗaga kai ta koma ba ta ga komai ba. Ranar da ya bugo waya ya ce zai wuce da hantsi, shi kaɗai, na sa shi a gaba da tsiya. "Haba Yaya, ƙato da kai kana tsoron kan bishiya? Ka sauko Inna ta gan ka ko sau ɗaya ne." Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba ki da dama."

Ya kuwa sauko. Ya zagaya gidanmu sau ɗaya, Inna tana kaɗa mayafi tana guɗa. A zagaye na biyu ya rage gudu don ta ƙara gani, ya sha kwana, sai na ga fiffiken hagu ya yi ƙasa. Abin da ya bayyana mini a tsakar gida, shi na gani da idona. Inna ta bi shi bayan shekara uku tana tsine wa jirgin, ban taɓa iya buɗe baki na gaya mata ba.

Da Yaya zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Dajin da yake yaba kyansa daga sama ya zama wurin da manomi ke shiga da fargaba. Yanzu in aka ji ƙarar jirgi a ƙauyukanmu, ba mai fitowa ɗaga hannu, sai dai uwa ta ja 'ya'yanta ɗaki. Wannan kam na san zai ƙona masa rai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne Hauwa, 'yar da ya bari tana shekara huɗu. Ta gama sakandare, ta samu gurbin koyon tuƙin jirgi. Baffanta Audu, babban wanmu, ya rantse ba za ta je ba, wai abin da ya kashe uba ba zai bar 'ya ba. Ta zo ta same ni ina dafa abincin rana, ta tsuguna ta ce, "Goggo, ke kina wurin. Don Allah me jirgin ya yi?"

Na ajiye ludayi, na kai ta gaban Baffa, na faɗi komai, har tsiyar da na yi masa a waya. Na ce jirgin bai yi abin da Yaya bai sani ba. Laifina ne da na roƙa, da nasa da ya amsa. Baffa ya daɗe yana salati, bai dube ni ba.

Hauwa ce ta share mini hawaye da gefen hijabinta. Ta ce, "Ashe Baba ya san dokar, ce miki a'a ne ya gagare shi. Ni kuwa Goggo, ko kuka za ki yi, ba zan sauko ba."

Abin da ya rage mana na Yaya ke nan, saninsa da taushin zuciyarsa, ɗayan ya ci ɗayan a rana guda. 'Yarsa ta ɗauki sanin. Ranar Asabar Baffa da kansa ya raka ta tasha, ya riƙe mata jaka har ta shiga mota. Ni har yau bai yi mini magana ba.