Farar Riga a Kan Gora

Sau ɗaya tak na hau jirgin sama a shekarun sittin, daga Kaduna zuwa Gusau, kuma har gobe in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Lokacin ina akawu a wani ofishi a Kaduna. Baba kuwa yana ƙauyenmu, yamma da Funtuwa, yana noman auduga da dawa. Da aka ce zan raka shugaban ofishinmu rangadi a jirgi, sai na rubuta wasiƙa gida ina cika baki. Na ce tafiyar da mota ke wuni tana yi, mu ko awa guda ba za mu yi ba, kuma ta saman garinmu za mu bi ranar Talata. Ƙanwata ce ta karanta masa.

Ranar Talatar, jirgi bai gama tashi ba na fara amai. Na runtse ido, na ƙanƙame kujera, ina ta salati. Wallahi ko tagar ban kalla ba har muka sauka.

Da na je gida da sallah, Baba ya tare ni a zaure, dattawa cike. Ya ce, "Kai, ka gan ni kuwa? Farar rigata na ɗaura a kan gora, na tsaya tsakiyar gona ina kaɗawa har hannuna ya gaji."

To, a gaban mutane zan ce amai nake yi? Na ce, "Na gan ka, Baba. Har kukar bakin gona na gani."

Ya tafa hannu yana dariya. "Kun ji ko? Ai na faɗa muku!"

Da na tsaya nan da sauƙi. Ina! Sai da na ƙara gishiri, na ce ai yanzu kusan kowace Talata nake wucewa. Son a ce na zama wani abu ne ya kai ni, ba komai ba.

Bayan wannan sallar na yi shekara biyu ban taka gida ba. Kaduna zuwa Funtuwa fa, tafiyar da ko a motar kaya ba a kwana a hanya. Yau aiki, gobe damina, jibi sai na ɗan samu sarari. Wasiƙun Baba ba su taɓa zuwa da ƙorafi ba, ni kuma wawa har daɗin hakan nake ji.

Ranar da aka bugo mini waya na kama hanya, amma kafin in iso an kai shi makwancinsa. Bayan addu'ar uku ƙanwata ta kira ni ɗaki, ta miƙo mini rigar. Ta koɗe, wuyan ya yage wajen ɗauri.

Ta ce, "Da ciwo ya yi tsanani Inna ta ce a rubuta maka ka zo. Ya hana. Ya ce a bar ka, aiki ya yi maka yawa, ai duk Talata kuna gaisawa."

Na kasa ɗaga kai.

"Talatar ƙarshe ba ya iya tsayuwa. Ya sa muka ɗauko shi zuwa ƙofar gida, ni na riƙe gorar ina kaɗawa, shi yana kallon sama." Ta share ido da bakin mayafi. "Yaya, ka gan mu ranar?"

Na buɗe baki in ce na gani, kamar yadda na ce wa Baba. Sai maganar ta ƙi fita.