Saifar da Hajja Hawwa Ta Ɓoye

Shekara biyu ke nan cif, a wannan damina, da rasuwar matata Hajja Hawwa. 'Yarmu Zainab ce ta matsa sai na rubuta wani abu a kanta. Ni kuwa karatun allona a Sabbi ya tsaya, bokon ma aji biyu na yi, malamin ya yi hamdala da na daina zuwa. Don haka inda kuka ga magana ta miƙe, hannun Zainab ne. Inda ta karkace, nawa ne.

Ni mai agashe ne a Umdurman, tsiren nan da kakanninmu suka taho da shi a hanyar Makka, suka zauna da shi a bakin Nilu. Shekara arba'in ina feɗe raguna, har na ɗauka babu abin da ke cikin cikin halitta da ban sani ba.

Ciwon Hajja na jini ne. Haɓo ya ɓalle mata ya ƙi tsayawa, dasashi ya yi ta zuba, ko gefen gado ta buge sai wurin ya yi baƙi. Likitoci suka ce saifarta ce ke cinye ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Aka yi aiki aka cire ta. Na kafe a ƙofarsu na ce sai an ba ni, don mu ba ma barin naman ɗan Adam a shara. Da suka gama dube-dubensu suka miƙo mini, na naɗe ta a farin ƙyalle, na kai maƙabarta, na haƙa rami na binne. Hajja ta miƙe garau, ta shekara huɗu tana mulkina.

Sai haɓon ya dawo.

Likitar da muka samu yarinya ce sa'ar Zainab. Ta duba jinin, ta ɗago kai ta ce, "Ya Hajj, akwai saifa tana aiki a cikin Hajja."

Na ce, "'Yata, wace saifar? Wadda na binne da hannuna ce ta tono kanta ta hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, ta dawo?"

Ta yi dariya, sannan ta yi mini bayani a hankali. Wasu mutane, in ji ta, da ƙaramar saifa ta biyu ake haihuwarsu, maƙale a wani lungu na ciki, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. In an cire babbar, sai ƙaramar ta girma ta karɓi aikin, har da ɓarnar. Hoton da ake shafa wa ciki mai a goga bai gano ta ba. Sai dai mu ƙetara Hartum, inda za a ɗebi jininta a ɗan gasa shi, a gauraya da wani magani da na'ura ke gani, a mayar mata. Saifa ce ke tsince jinin da ya lalace, saboda haka duk inda ta laɓe za ta tara shi, ta tona kanta a hoto.

Na ce, "Rago saifarsa ɗaya. Sa ɗaya. Raƙumi ma, duk girmansa, ɗaya."

"Ya Hajj, Hajja ba tunkiya ba ce."

Hajja ta ce, "Faɗa masa dai, 'yata. Ni shekara talatin da biyar ina faɗa."

Muka yi dariya, amma ban kai ta Hartum ɗin ba. Wata biyar na riƙe ta a gida, ina ɗura mata zoɓo da dabino, ina gaya wa abokai a kasuwa wai likitocin zamani ba su san ciki ba. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba, tsoro nake ji. Na ga yadda aka turo ta daga ɗakin aiki a karon farko, ban so in sake gani ba, sai na laɓe a bayan raguna.

Zainab ce ta taso daga unguwar Hajj Yusuf wata safiya, ta sa uwarta a mota ba ta tambaye ni ba. Na bi su ina gunaguni. Da hoton ya fito, likita ta ɗaga shi, ga wani ɗigo guda a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ya kai girman dabino. Aka sa mana ranar aiki bayan ƙaramar Sallah.

Yaƙi ya riga Sallah zuwa.

Gadoji suka rufu. Asibiti yana can ƙetare, Zainab tana wani ƙetaren, mu biyu muna tsakar gida muna jin ƙarar da ba ta ƙarewa. Mun san ciwon, mun san inda yake, muna da hotonsa a ambulan, babu dai hanyar kai shi ga wuƙa. Ƙwayoyin da take sha suka ƙare. Sau biyu na fita nema, sau biyu aka maido ni daga bakin titi. Da na yarda tun ranar da aka gaya mini, da an gama aikin an cire zare kafin harsashin farko. Wannan lissafi nake yi kullum, bai taɓa fitowa daban ba.

Ita ba ta taɓa yi mini shi ba. Wata rana da hantsi ta ɗaga hoton a taga, auduga a hancinta, ta ce, "Malam, ka ga halina ko? Ko saifa ce sai na ajiye ta ko-ta-kwana."

Da damina ta faɗi jinin ya ɓalle, bai tsaya ba. Maƙabarta ba ta zuwuwa a lokacin. Ni da maƙwabta uku muka haƙa mata a filin bayan gida.

Ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga unguwar yau. Rabin gidajen layinmu makullansu na rataye a ɗakina, masu su sun watse. Likitar nan na ji ta bar ƙasar. Na'urar da ta nuna ɗigon, ban san ko tana nan ba. Ina jin Hajja za ta riƙe haɓa, sannan ta tambaye ni wa ya ce in bar tsakar gida da datti haka. Zainab tana garin Kasala yanzu, kullum sai ta ce in taho. Hanya ta buɗe, amma in na tafi wa zai hana awaki hawa kabarin?

Mutane suna tambayata yadda tsoho irina ya rayu watannin da kasuwa ta mutu. Hawwa ce ta ciyar da ni, bayan ranta. Na ɗaga tabarmar gadonta na sami sukari a ƙulle. A bayan randa, gwangwanin busasshiyar kuɓewa. Cikin tsohuwar tukunyar aurenta, gero da wake. Ashana ma a cikin safa. Duk inda yunwa ta kai ni lalube, sai in tarar ta riga ni zuwa. Abin da ya rage mini nata ke nan: macen da ta san mijinta ba ya tunanin gobe, ta yi masa, ba ta goranta masa ba.

Saura gwangwani ɗaya a saman kabad, ta ɗaure bakinsa da tsumman mayafinta. Ban san abin da ke ciki ba. Na sha ɗauko shi in jijjiga in mayar. Muddin ban kwance ba, Hajja tana da sauran abin da za ta ba ni.

Allah Ya jiƙanki, Hawwa. Ni kuma Ya yafe mini wata biyar ɗin nan.