Kantar da Aka Kafa Daga Waje

Rani uku maigidana ya yi yana dako a Kano kafin ya komo ƙauyenmu, arewa da Madawa, da garmaho a ka. Akwati ne baƙi mai hannun wanawa a gefe, da faifai huɗu na goge naɗe cikin tsohon rawani. Ranar da ya fara wana shi a tsakar gida, zuciyata ta yi ta bugu kamar ni ce amaryar da ake yi wa kiɗan. Baba, wato surukina, bai leƙo ba. Magini ne shi, mutum mai ƙarancin magana, kuma ya ce kayan marasa aikin yi ne, kada a kunna shi in yana gida.

Da kakar shekarar da aka kwashi samari zuwa yaƙin Nasara, sunan maigidana ya fito. Da safen da zai tafi bai yi mini dogon sallama ba. Ya dafa akwatin ya ce, "Ki tsare mini shi daga ƙasa. In na komo, ke za ki wana shi."

Na ɗora shi a kan tabarma bayan gado, kullum ina share shi da gefen zanena. Da damina ta sauka, na ɗaga shi wata safiya na ga gara ta gina hanyarta a ƙarƙashinsa, har ta ci kusurwa ɗaya. Na kafa turaku biyu a bango da taɓarya na ɗora faranti, kafin azahar lakar ta zube da su. Na rataye akwatin a ragaya, igiyar ta fara saki. Sai na zauna na yi kuka.

Inna, uwar mijina, ta same ni a haka. Ta dubi bangon da na farfasa, ta ce ashe an kawo musu maginiya gida ba su sani ba. Sannan ta tafi ta gaya wa Baba.

A nan wuyar take. Suruki ba ya shiga ɗakin matar ɗansa, balle ɗan fari, wanda ko sunansa ba ya kamawa. Ni ma ba na haɗa ido da shi, ba na yi masa magana sai a durƙushe. Kwana biyu suka wuce. A na uku ya tafi daji, ya komo da icce biyu na ƙirya masu kaurin damtse, irin wanda gara ba ta so. Ya fere su, ya babbake bakinsu a wuta.

Ta bayan ɗakin ya zagaya. Ya aiko Inna ta ce in ƙwanƙwasa bango daga ciki daidai inda nake so, sama da ƙirjina. Na ƙwanƙwasa da muciya, ya amsa da ƙotar gatari. Sai ya fara huda bangon daga waje, a hankali, yana yayyafa ruwa don kada ya tsage, har haske ya faɗo mini a ƙafa. Ya zuro iccen farko, na kama shi da hannu biyu, ina jin nauyin hannunsa a ɗaya bakin. Inna tana tsaye a ƙofa tana kai magana tsakaninmu, ko da yake kowa na jin kowa.

"Ce mata ta ja kamu guda," in ji Baba.

"To, kin ji dai, kurma," in ji Inna.

Da na biyu ya shiga, ya ce a ɗora allo a kai, a aza ƙoƙo cike da ruwa. Ruwan ya karkata gabas. Ya cusa tsakuwa ƙarƙashin iccen, ya sake tambaya, har sau huɗu, sai da ruwan ya kwanta daidai da bakin ƙoƙon. Ban san inda ya ji cewa allurar garmaho takan zame in wurin bai daidaita ba. Ya cike ramukan da laka mai ramno, wato yankakkiyar ciyawa, da ƙananan duwatsu, ya kafe iccen biyu ta waje da wani guntun icce a gicciye, ya ce kada a aza komai sai bayan kwana bakwai. Inna ta tambaye shi ko ba zai datse bakin iccen da ya fito waje ba. Ya ce a bar su, mai abin ya zo ya datse da kansa.

Damina uku garmaho ya yi a kantar nan, gara ba ta kai gare shi ba. Ban wana shi ba ko sau ɗaya. Nakan dai buɗe shi in sunsuna warin mansa in rufe.

Sannan gardi, wato dogarin Nasara, ya zo daga Madawa da takardar kumandan, Baturen mulki, aka karanta wa Baba ita a ƙofar mai gari. Ya komo ya yi alwala, ya zauna karɓar gaisuwa. Ba wanda ya ga hawayensa, don ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane.

Ranar da na fita takaba, da la'asar, ina haɗa kayana zan koma gidanmu, Inna ta shigo. Ta tsaya tana duban kantar, ta ce, "Wai ya ce ki wana shi."

Na ce ai Baba yana gida.

"Shina bayan ɗaki," in ji ta.

Na wana shi, na aza allura. Gogen ya tashi a shaƙe, kamar daga cikin rijiya, allurar kuma ba ta zame ba. Da faifan ya yi nisa na fita ɗebo ruwa a randa, na hango Baba ta gefen danga. Yana tsaye ya ba ni baya, tafin hannunsa a kan bakin iccen nan da bai datse ba. Bai ɗauke shi ba har kiɗan ya ƙare. Na koma ciki na juya faifan.