Kambun Baba Soja

Duk wanda ya taɓa buga ƙofar gidan Alhaji Taufiq da ke Nassarawa GRA a Kano ya san Baba Soja, kuma ba lallai ne ya tuna da shi da alheri ba. Tsoho ne siriri, ya haura saba'in da biyar, yana ɗingisa ƙafar hagu, ga ƙananan idanu da ba su yarda da kowa ba. Kafin ya buɗe maka sai ya leƙo ta 'yar tagar get, ya kalli fuskarka, ya kalli takalminka, sannan ya tambaye ka daga wane gari kake. Mai tallan ƙwai, mai gyaran wuta, har likitan Hajiya, babu wanda ya tsira daga wannan tambayar.

Shekara hamsin da 'yan kai yana gadin gidan, tun zamanin mahaifin Alhaji, lokacin da unguwar ba ta wuce gidajen gwamnati masu faɗin fili da bishiyoyin mangwaro ba. Da aka liƙa kyamara a saman katanga aka ce ya huta, cewa ya yi kyamara ba ta san maƙaryaci ba. Sunansa? Ya ce Bappa. Garinsu? Can nesa. Hajiya Muhibba, matar Alhaji, ta yi shekara talatin tana bugun cikinsa, ba ta samu ƙari a kan haka ba. Ba ya yarda a ɗauke shi hoto, ko ranar salla ce sai ya tuna bai ba furanni ruwa ba. Idan watan Janairu ya zo, tsofaffin sojojin Hotoro da Gawuna suka saƙala lambobinsu suka tafi taron 'yan mazan jiya, shi kashe rediyonsa yake yi. Mutane suka ce baƙin hali ne. Wallahi ba baƙin hali ba ne, tsoro ne, ga kuma dalilinsa.

Sunansa na yanka Sanusi, mutumin Rafin Kargo ne, wani ƙauye a ƙasar Zazzau inda Musulmi da Kirista suke ɗibar ruwa a rijiya ɗaya. Su bakwai suka shiga soja daga ƙauyen lokacin yaƙin basasa, shi kuwa wata huɗu kacal da aurensa da Uwa ya tafi. A can Kudu aka harbe shi a ƙafa, ya faɗa hannun abokan gaba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba har aka gama yaƙi. Kafin nan labari ya riga ya isa gida cewa ya mutu. Aka yi masa salla babu gawa, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, Uwa ta yi takaba ta fita, aka ɗaura mata aure da ƙanensa Sagiru.

Ranar da ya dawo bai ƙarasa ƙauyen ba. A kasuwar da mota ta sauke shi ya ji wasu mata suna cinikin kayan barka, wai matar marigayi Sanusi ta haifa wa Sagiru ɗa namiji. Ya tsaya da jaka a kafaɗa, gumi yana keto masa. In ya shiga garin nan da ƙafarsa, me za a kira auren, me kuma za a kira jaririn? Malamai za su iya wanke yaron, amma ya san bakin mutanen garinsu, har jikokinsa sai an goranta musu. Sai ya juya ya hau motar Kano. Tun daga ranar abin da yake gadi ba gidan Alhaji ba ne kaɗai, har da mutuncin Uwa da ɗanta, kuma ya san ranar da wani ɗan Rafin Kargo ya gane fuskarsa, mutuncin nan ya zube.

To, ana cikin haka sai ga Malama Jacinta. Da hantsin wata Asabar ta buga get, mace mai kimanin shekara talatin, da jaka cike da littattafai, ta ce ita ce za ta riƙa yi wa jikar Hajiya darasi. Ya yi mata tambayar da ya saba, ta ce daga nan Tudun Wadar Kano take, a can take koyarwa. Bakinta ya ce Tudun Wada, amma kunnensa ya jiyo Hausar Zazzau tsantsa, irin wadda ya yi shekaru yana kankare ta daga harshensa. Ya buɗe mata dai, amma ya bi ta da ido har ta shige falo.

Daga nan fa ya sa mata ido, kuma kullum sai ya ƙara samun abin zargi. Wace irin malama ce za ta yi darasin awa ɗaya, ta yi gaisuwar rabin awa a bakin get? Ta durƙusa har ƙasa, Baba ya ƙafa, Baba ya ƙarfin jiki. Ta kawo masa goro, ya karɓa da hannu biyu, tana ba da baya ya ba direba. Ta kawo ƙosai, kyanwar maƙwabta ta ci, ya zauna yana kallon kyanwar har la'asar ko za ta faɗi. Abin da ya fi tsaya masa a rai, idan tana magana ba fuskarsa take kallo ba, damtsensa na hagu take kallo.

Ya sami Hajiya Muhibba ya ce a sallami yarinyar nan, leƙen asiri take yi wa ɓarayi, ya ga tana ƙirga tagogi. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Baba, kai da ka zargi limamin unguwa da satar buta? Abin ya ɓata masa rai. Rannan har bin ta ya yi a baya, yana jan ƙafa yana laɓewa a bayan darbejiya, don ya ga wanda za ta haɗu da shi a bakin titi. Ba ta haɗu da kowa ba, a-daidaita-sahu ta tsayar ta hau. Wannan ma bai kwantar masa da hankali ba, cewa ya yi mai wayo ce.

A Asabar ta huɗu, bayan azahar, ta zo ta zauna a ƙarshen bencinsa ba tare da ya ce ta zauna ba, ta zaro takarda. Ta ce tunda shi tsohon soja ne, shawara take nema. Ƙungiyar garinsu na ainihi ta gina bango a ƙofar makarantar firamare, za a rubuta sunayen 'yan garin da suka mutu a yaƙin basasa, a buɗe shi ranar 'yan mazan jiya. Ya ce shi ina ruwansa. Ba ta kula shi ba, ta fara karantawa, ta kuma faɗi sunan garin, Rafin Kargo.

Sunaye biyar ne. Kowanne ta kira sai fuskar mai sunan ta taso masa, da haƙoransa, da irin tafiyarsa. Na huɗu shi ne Sanusi mijin Uwa. Tsohon nan ya ji sunansa a cikin matattu, ya buɗe baki ya ce Allah ya jiƙansa, muryarsa ko rawa ba ta yi ba, don ya daɗe da shirya wa wannan ranar. Abin da bai shirya masa ba shi ne ta ninke takardar daga na biyar. Su bakwai suka tafi, ɗaya ya koma gida da rai, ga biyar. Saura ɗaya, kuma shi ne wanda ya fi cancanta a fara rubutawa.

"Shi ke nan?" Bai san sanda maganar ta fita daga bakinsa ba.

Jacinta ta ce akwai wani, Sebastian, kakanta ne, amma kwamiti ya ƙi sa sunansa. A garin an tsaya a kan cewa ranar da wuta ta yi wuta ya yar da bindiga ya gudu, ya ɓuya a Kudu ya yi wani auren, tunda ba a ga gawarsa ba. Mahaifinta Oliver tun yana rarrafe ake kiransa ɗan matsoraci, da wannan sunan ya girma, da shi aka binne shi bara waccan. Kwamiti ya ce in tana da shaida wanda ya gani da idonsa, ta kawo shi gabansu kafin mai fenti ya fara aiki ranar Litinin.

Shekara hamsin da biyar Baba Soja bai taɓa sanin haka aka yi wa Sebastian ba. Da safiyar ranar da aka yi wannan artabun, zazzaɓi ne ya kama Sebastian, jikinsa yana ɓari, Sanusi ya kwance kambun da ke damtsensa, wanda mahaifin Uwa ya rubuta masa layunsa, ya ce ya ɗaura. Sebastian ƙato ne, igiyar ba ta zagaye hannunsa ba, sai Sanusi ya zare igiyar takalminsa ya ƙara. Da aka harbi Sanusi, Sebastian ne ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi cikin kwari, ya koma bakin bindigarsa, a nan bam ya same shi, Sanusi yana kallo. Ɗan garinsu da ya tsinci gawar bai sami fuskar da zai gane ba, kambun ya gane, ya kwance ya kai gida. Da haka aka yi makokin mai rai, aka zagi wanda ya mutu.

Amma in ya yi shaida, ai ya tashi daga kabari ke nan, Uwa kuma ta shiga bakin duniya da furfurarta. Sai tsoron ya juye ya zama faɗa. Ya miƙe yana nuna ta da sanda, ya ce shi bai san wani Rafin Kargo ba, tun ranar farko ya san ba darasi ne ya kawo ta ba.

"Wa ya aiko ki? Faɗa min gaskiya, wa ya aiko ki?"

"Gaskiyarka, Baba, aiko ni aka yi."

Ta buɗe jaka ta ajiye wani abu a kan bencin. Kambu ne, fatar ta yi baƙi ta tsattsage, ga igiyar takalmin soja ƙulle a gefe. Ta ce Inna Uwa ce ta ba ta. Inna ta ce tana ɗauke da cikin Sagiru wata bakwai ta ɗauko kambun daga ƙasan akwati, sai idonta ya faɗa kan igiyar. Hannun Sanusi kamar karan dawa yake, kambun har zamewa yake yi, to me zai sa a ƙara masa igiya? Ta gane, ta yi shiru saboda abin da ke cikinta. Shekara ashirin da suka wuce wani direban garin ya ce mata ya ga mai kama da shi a bakin wani get a Nassarawa, ta sa shi ya dafa Alƙur'ani ba zai sake faɗa ba. Kullum tana jin ana kiran Oliver ɗan matsoraci, tana haɗiyewa. Sagiru ya rasu bara. Da maganar bangon nan ta taso, ta zaunar da ɗanta, mai gemu fari da jikoki, ta gaya masa da bakinta.

"Ta ce in gaya maka, ta gode da rufin asirin da ka yi mata, amma a kan gawar wani kuka rufa shi. Ta ce ita ta shirya jin bakin mutane. Saura kai."

Tsohon ya koma ya zauna. Ya yi kuka, kuka sosai irin na mai kunya, yana goge fuska da hularsa, har direba ya leƙo ya koma. Haushin kansa ya ji, ya kuma ji tausayin Oliver da bai taɓa gani da girmansa ba.

Washegari da hantsi ya sa babbar rigarsa ta salla, ya tsaya a ƙofar falo ya yi sallama, ya ce yana neman izinin tafiya garinsu. Hajiya Muhibba ta ajiye kofin shayi, ta ce Baba Bappa, dama kana da gari?

"Sanusi ne sunana, Hajiya. Za ni in sa a goge shi daga wata takarda, a rubuta na wani."

Jacinta tana jiransa a bakin get. Ya miƙa wa direba makullan, ya ja masa kunne ya riƙa tambayar kowa daga ina yake, sannan ya zura kambun a hannunsa na hagu. Ko tsayawa a damtsen bai yi ba, ya zamo har wuyan hannu. Jacinta ta ce ya kawo ta kwance igiyar don ya zauna masa daidai. Ya janye hannun da sauri.

"Kar ki taɓa ta, 'yata. Ita ce shaidar kakanki."